Santiral a biro, lektar a bakin titi: fashin baƙi kan kai wayar kati nesa

Filaye a Maraɗi ba ƙanana ba ne. Wanda ya san manyan mangazu da garejin manyan motoci da ke kan hanyar Ɗan Issa, ko makarantu da asibitocin da aka gina can gefen gari, ya san tsakanin biro da babbar ƙofar shiga ana samun mita 200 ko 300 cikin sauƙi. To sai mai wuri ya ce yana son a sa wa ƙofar kati: ma'aikaci ya kara katinsa, ƙofa ta buɗe, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokacin shigarsa. Akwatin da ke yanke hukunci, wanda masu sana'ar ke kira santiral, yana biro inda akwai inuwa da tsaro. Na'urar karanta katin kuwa, wato lektar, tana manne da katanga a bakin titi. Sai a taka nisan da ƙafa, a sayo naɗin waya, a ja, a haɗa. Ranar gwaji komai lafiya lau. Bayan sati biyu ka zo ka tarar mai gadi ya tokare ƙofar da bulo, direbobi na shiga yadda suka saba, lektar yana ta "tit" shi kaɗai kamar tsuntsu a keji.

Abin da aka fi yi daga nan shi ne a ɗora wa lektar laifi, a cire shi a sa sabo. Sabon ma ya yi abin da tsohon ya yi, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Kebul ɗin nan guda ɗaya kaya uku aka ɗora masa: maganar da lektar ke aikawa, wutar da yake ci, da kuma ma'aunin da ɓangarorin biyu ke auna maganar da shi. Kowanne da nisan da yake iya jurewa, kuma na ukun, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yakan fara gajiya.

Yaren da suke magana da shi

Yawancin lektar da ake samu a kasuwa, masu tsada da masu araha da ke shigo mana ta Kano ko Kwatano, suna magana da santiral da tsarin da ake kira Wiegand. Sunan wani injiniya ne, John Wiegand, wanda aikinsa na shekarun 1970 ya haifar da katunan farko na wannan tsari. Katunan sun shuɗe, yaren ya zauna. Waya biyu ke ɗauke da maganar: koriya, wadda aka rubuta wa D0, da fara, D1. Ja ta wuta ce, bolt 12. Baƙa ita ce mas, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta kuma ake auna sifili da ita, wadda za ka ga an rubuta GND. Sauran launukan na fitila ne da ƙararrawa, kuma kowane kamfani da nasa zaɓin, saboda haka kada a jefar da takardar da ta zo cikin kwali.

In babu kati, koriya da fara duk suna zaune a bolt 5. In lektar zai ce "sifili" sai ya fizgo koriya ƙasa zuwa kusan bolt 0, ya sake ta. In zai ce "ɗaya" sai ya fizgo fara. A ƙa'idar da ƙungiyar masana'antun tsaro ta Amurka, SIA, ta fitar a 1996, tsawon kowane bugu tsakanin mikrosakan 20 ne da 100, mikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Tsarin da ya fi yaɗuwa bugu 26 ne: 8 lambar wuri, 16 lambar kati daga 0 zuwa 65535, sai na farko da na ƙarshe da santiral ke tantance lissafin da su. Bugu ɗaya ya ɓace a hanya, ko hayaniyar wuta ta cusa ɗaya da ba a aiko ba, lissafi ya ƙi fita, santiral ya watsar da lambar.

Kuma maganar hanya ɗaya take bi. Lektar ya faɗa sau ɗaya, ya yi shiru. Ba ya jiran a ce an ji, santiral kuma ba shi da bakin da zai ce maimaita. Wannan "tit" da ke yaudarar mutane shaida ce kawai cewa lektar ya ga kati, ba ta nufin saƙon ya isa biro.

Iyakar da masu ƙera kayan ke rubutawa ita ce wajen mita 150, kuma da sharaɗi: kebul mai sulke, wato mai rigar ƙarfe da ke kare wayoyin ciki daga hayaniyar wuta, na jan ƙarfe zalla, mai kauri. Da siririyar wayar alam, wato ta ƙararrawar tsaro, da aka saba ja a cikin gida, kafin mita 80 ko 90 ma an fara ganin rigima. Sannan nisan da ake nufi tsawon kebul ne, ba tsawon fili ba. Hawa katanga, sauka rami, kewaye rijiya da rumfar motoci, duk suna cikin lissafi, kuma sukan ƙara kashi ɗaya cikin biyar ko fiye a kan abin da aka taka da ƙafa.

Baƙar waya

A ɗauki misali, a yi lissafin a fili. Daga biro zuwa ƙofa kebul ya kai mita 220. An ja wayar alam mai ƴaƴa takwas, kaurin kowane ɗa 0.22 mm². Turjiyar irin wannan waya, wato yadda take danne wutar da ke bi ta cikinta, abin da ake aunawa da om, kusan om 80 ce a kowace kilomita, wato om 17.6 a mita 220. Wuta kuwa zuwa take ta ja ta dawo ta baƙa, saboda haka om 35 ke nan. A ce lektar yana cin wuta miliamfa 120, wato amfa 0.12. Ka ninka 0.12 da 35, ka sami bolt 4.2 da suka narke a hanya. Akwatin wuta mai batir yakan ba da bolt 13.6 ko 13.8, to abin da ya isa ƙofa wajen 9.5 ne kawai. Lokacin da aka kara kati, fitila ta canza, ƙararrawa ta yi kuka, cin wutar kan iya tashi zuwa miliamfa 200, faɗuwar ta kai bolt 7. In kuma kuran ya ɗauke aka koma kan batir mai bolt 12 da ɗan ɗoriya, sai abin ya ƙara lalacewa. Akwai lektar da ke aiki daga bolt 5 zuwa 16, akwai kuma masu yawa da ba sa jure ƙasa da 9: sai su mutu su farfaɗo a tsakiyar karatu, ko nisan da suke ganin kati ya ragu har sai an goga shi a jikinsu.

Wannan rabin labarin ne, kuma shi kowa ya sani. Ɗaya rabin yana kan baƙar waya ita kaɗai. Wutar da ke dawowa ta cikinta, miliamfa 120 a kan om 17.6, tana haifar da bambancin bolt 2.1 tsakanin bakinta na ƙofa da bakinta na biro. Ma'ana, abin da lektar ya ɗauka sifili ne, a idon santiral bolt 2.1 ne. Lektar ya fizgo koriya ƙasa iya ƙarfinsa, amma ƙasansa na bisa tudu. Santiral kuwa yana jiran ya ga layin ya sauko ƙasa da kusan bolt 1 kafin ya ƙirga bugu. Bai gani ba, bai ƙirga ba. Kamar mai awo ne da mai saye kowa da tiyarsa: an auna daidai, amma ba a yarda da juna ba. Shi ya sa za ka ga lektar mai jure bolt 5, fitilarsa na haske tar, yana kuka yadda ya kamata, amma kwamfuta ba ta nuna komai.

Gane wannan ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ka ɗauki ɗa ɗaya na kebul da ba a yi amfani da shi ba, ka ɗaura shi a mas ɗin lektar can ƙofa, ka dawo biro ka sa multimita, na'urar auna wuta, tsakanin wannan ɗan da mas ɗin santiral. Tunda babu wutar da ke bi ta cikinsa, abin da ka karanta shi ne tudun da lektar ke tsaye a kai. In ya haura rabin bolt, ka san inda matsalar take.

Maganin farko kauri ne. Waya mai 1 mm² turjiyarta kusan om 18 ce a kilomita, om 4 a mita 220, tudun ya sauko zuwa rabin bolt. Mai 1.5 mm² om 12 ce a kilomita, tudun ya koma kusan 0.3. In an riga an binne siririyar kuma akwai ƴaƴan da suka rage, a haɗa uku ko huɗu su zama mas, biyu su zama ja. A fifita baƙa a kan ja wajen rabon, saboda dalilin da aka faɗa.

Magani na biyu, wanda ya fi, shi ne a ba lektar wutarsa a can ƙofa: ƙaramin akwatin wuta mai batir a ɗakin mai gadi. Daga nan babu sauran wuta mai nauyi da ke bin doguwar waya. Amma a nan ne masu koyo ke faɗawa rami: sai su ce tunda kowa da wutarsa, koriya da fara kaɗai za a ja. A'a. Dole mas ɗin lektar ya haɗu da mas ɗin santiral, in ba haka ba babu ma'aunin da za a auna bugun da shi. Waya uku ke nan, koriya, fara, baƙa. Ja ce kaɗai ba a haɗawa, kada akwatunan wuta biyu su riƙa tura wa juna.

Akwai kuma maganar ingancin wayar kanta. Kasuwa cike take da kebul na alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, wanda wani lokaci za ka ga CCA a jikin kwalinsa, wani lokaci kuma ba za a rubuta ba. Turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, yana karyewa a bakin domino, ɗan mahaɗin nan da ake matse waya da ƙusa a cikinsa, kuma yana cin tsatsa fari in ya sha danshi. Ka kankare ɗa ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, shi ne. Ko ka auna tun a shago. Kwalin kebul na intanet Cat5e mai mita 305, ka murɗe ƴaƴa biyu a baki ɗaya ka auna a ɗayan: jan ƙarfe na gaskiya zai ba ka om 50 da wani abu, na alminiyum zai kai 80 ko kusa. Araha ba ta ado. Zafi ma yana ƙara nasa: turjiyar jan ƙarfe na hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, to wayar da aka shimfiɗa ƙarƙashin kwano ko jikin katanga mai kallon yamma a watan Afrilu, in ta tashi daga digiri 20 zuwa 60, ta ƙara kusan kashi 16. Aikin da ke tsaye a bakin gaɓa da safe, da azahar sai ya faɗa. In mai gadi ya ce maka "da safe tana yi, da rana take gardama", ka yarda da shi, bayani ya ba ka.

Hayaniya, da kuskuren kebul ɗin intanet

Doguwar waya eriya ce. Tana kwasar hayaniyar duk abin da ke kusa da ita: wayar kuran 220, famfon rijiyar burtsatse, gurup, wato janareto, injin walda na maƙwabci, injin jan ƙofa. Tunda Wiegand na auna kowace waya ne da mas, ba shi da hanyar bambance bugun gaskiya da na hayaniya. A bar tazarar santimita 30 aƙalla tsakanin kebul ɗin kati da na kuran, kada su kwana tiyo ɗaya, in kuma dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Sulken kebul, wato rigar alminiyum ɗin nan da siririyar wayar da ke kwance a jikinta, a ɗaure shi a gefen santiral kaɗai. A gefen lektar a yanke shi a naɗe da tef kada ya taɓa ƙarfen ƙofa. In aka ɗaure shi baki biyu, sai wuta ta sami hanyar yawo a cikinsa tsakanin gini da gini, abin da aka sa don kariya ya zama shi ke kawo cutar.

Kebul ɗin intanet kuwa, tunda shi ne a hannun kowa, da shi ake yawan yi. An tufke ƴaƴansa biyu-biyu ne don tsarin da ke aika abu ɗaya da kishiyarsa a lokaci guda. Wiegand ba haka yake ba. In ka sa D0 da D1 a tufka ɗaya, sun rungumi juna tsawon mita ɗari biyu, bugun ɗaya sai ya yi inuwa a kan ɗaya, santiral ya ga duka biyun sun motsa. In babu makawa sai da shi, a raba su: D0 da mas a tufka ɗaya, D1 da mas a wata tufkar, sauran biyun a ba wuta. Dabara ce ta fita kunya a mita 60 ko 80, ba ta kai mutum 220.

Kuma kada wutar makulli ta bi kebul ɗaya da maganar kati. Makullin maganaɗisu, bantuz, mai riƙe kilo 280 zuwa 300, yana cin kusan miliamfa 500 a bolt 12. A waya mai 1 mm² tsawon mita 220, fiye da bolt 3 zai ɓata a hanya, ƙarfin riƙonsa ya ragu har ƙato ɗaya ya bangaje ƙofar da kafaɗa. Yawancinsu ana iya juya su zuwa bolt 24, inda cinsu ke komawa miliamfa 250, asarar ta zama wajen bolt 2 cikin 24. Sannan duk makulli mai naɗin waya a ciki, lokacin da aka yanke masa wuta yakan mayar da wani mugun harbi baya. Makullin gash, wanda ake sawa a jikin ginshiƙin ƙofa yana sakin harshen makulli, in mai aiki da wutar batir ne a sa masa diyod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kaɗai, irin 1N4007, a bakin makullin kansa, gefen da ke da zobe yana kallon ja. Bantuz da yawa sun zo da kariyarsu a ciki, kuma diyod na sa su jinkirin saki, sai a bi takardarsu. In lektar na mutuwa ya tashi daidai lokacin da ƙofa ta buɗe, ko dai wannan harbin ne, ko kuma sun haɗa wayar wuta ɗaya da makulli.

In nisa ya wuce mita 150

A nan a daina lallashin Wiegand. Hanya uku ce, kuma ba daidai suke ba.

Ta farko a canza yare zuwa RS-485. Shi waya biyu masu tufka yake amfani da su, A da B, kuma abin da mai karɓa ke dubawa shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Hayaniyar da ta faɗa wa ɗaya ta faɗa wa ɗayar daidai wa daida, bambancin bai motsa ba. Da haka yake kai mita 1200. A kansa aka gina OSDP, tsarin da SIA ke kula da shi, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 2020 da lamba IEC 60839-11-5. A OSDP santiral ne ke tambayar lektar a kai a kai, lektar na amsawa. In saƙo ya lalace a sake shi, in an yanke waya santiral ya sani nan take, kuma ana iya rufe maganar da makullin sirri na AES-128. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wayar da ta ratsa fili mita ɗaruruwa, domin Wiegand a buɗe yake aika lambar kati, duk wanda ya kai hannu ga koriya da fara zai iya kwafe ta. In aikin sabo ne kuma santiral da lektar duk suna jin OSDP, babu dalilin zaɓen wani abu. Sai dai a lura, rubutun "RS-485" a kwali ba ya nufin OSDP. ZKTeco da Hikvision, alal misali, suna da lektar masu RS-485 da ke magana da yaren gidansu, sai da santiral ɗinsu suke jituwa. A tambaya kafin a biya.

RS-485 na da ladubbansa. Kebul ya zama mai tufka da sulke, na om 120, irin Belden 9841 ko makamancinsa, kodayake Cat5e na jan ƙarfe ma yana yi a yawancin wurare. A ja waya ta uku ta mas tare da A da B, domin ɓangarorin biyu ba sa jure bambancin da ya fita daga bolt 7 ƙasa da sifili zuwa 12 sama da shi. In lektar sun fi ɗaya, layin ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar carbi, kada a yi masa rassa daga tsakiya. A sa rezistans, ɗan abin nan mai ƙayyadaddiyar turjiya, na om 120 a bakin farko da bakin ƙarshe kaɗai, kuma na'urori da yawa suna da shi a ciki, ɗan maɓalli ake turawa. Ga gwajinsa: kashe wuta, auna tsakanin A da B. Kusan om 60 daidai ne. In ka ga 120, ɗaya ya ɓace. In ka ga 40, an sa uku. Kowane lektar da adireshinsa, saurin magana kuma ya zama ɗaya a ko'ina, galibi 9600 suke zuwa da shi. In komai ya yi daidai amma shiru, ka musanya A da B: kamfanoni ba su daidaita kan wanne ne wanne ba, kuma musanyar ba ta ƙona komai. Bayan an gama a fitar da OSDP daga yanayin girkawa a sa masa makullin sirri na wurin, domin wanda yake zuwa da shi daga masana'anta kowa ya san shi. RS-485 dai magana ya gyara, bai gyara wuta ba. Lissafin ja da baƙa yana nan, kuma a mita 500 amsar kusan kullum ita ce akwatin wuta a ƙofa.

Hanya ta biyu ta wanda ya riga ya sayi kayan Wiegand ce: tagwayen akwatunan juyi. Ɗaya a ɗakin mai gadi yana karɓar Wiegand daga lektar ta gajeriyar waya ya mayar da shi RS-485, ɗaya a biro yana mayar da shi Wiegand ya miƙa wa santiral, wanda bai ma san an yi tafiya ba. Suna aiki, amma a karanta takardarsu da kyau. Masu araha D0 da D1 kaɗai suke ɗauka, su bar ka da fitila, ƙararrawa, maɓallin fita, na'urar da ke nuna ƙofa a buɗe take ko a rufe, da umarnin buɗe makulli, duk sai ka ja musu wasu wayoyin. A tabbatar kuma suna wuce yawan bugun katin wurin, 26 ne ko 34 ko 37, da lambobin da ake dannawa in lektar mai maɓallai ne. Sannan a tambayi abin da makulli zai yi in layin ya yanke.

Ta uku ita ce a ɗauko ƙwaƙwalwar a kawo ta kusa da ƙofa. Ƙaramin santiral na ƙofa ɗaya ko biyu a ɗakin mai gadi, Wiegand ya yi tafiyar mita 5 ko 10 kawai, abin da ke tafiya biro kuwa layin kwamfuta ne. Santiral na riƙe jerin katuna a cikinsa, ko layin ya yanke ƙofa na ci gaba da aiki, in ya dawo ya tura abin da ya tara. Kebul ɗin kwamfuta na jan ƙarfe iyakarsa mita 100 ce, saboda haka a nisan da muke magana fibir ake ja, wato kebul mai zaren gilashi da ke aika magana da haske, da akwatin juyi ɗaya a kowane baki. Fibir irin wanda ake kira monomode, ko single-mode, na kai kilomita 10 zuwa 20, mita 300 wasa ne a wurinsa. In haƙa ba zai yiwu ba, misali kwalta ta raba gine-ginen biyu, tagwayen eriya masu kallon juna na iya ɗaukar layin, muddin babu bishiya ko babbar mota da ke shiga tsakani.

Ga filayen Maraɗi, wannan ta ukun ce ta fi kwanciyar hankali, kuma dalilin damina ne. Daga Yuni zuwa Satumba hadari na zuwa da tsawa, kuma ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba: in ta sauka kusa, ƙasar da ke ƙarƙashin biro da wadda ke ƙarƙashin ƙofa sukan sami bambancin wuta mai yawa na ɗan lokaci, kuma duk jan ƙarfen da ya haɗa su shi ne gadar da za ta bi. Da safe a tarar bakin lektar a jikin santiral ya ƙone. Fibir gilashi ne, in aka zaɓi wanda babu ƙarfe a jikinsa, wuta ba ta da abin bi. In kuwa jan ƙarfen ne dole, a sa na'urar kare tsawa a bakin shiga kowane gini, akwatunan RS-485 kuma su zama masu raba wutar ɓangarorin biyu. Na'urar kariyar ba ta da amfani sai da turken ƙasa mai kyau, wato sandar ƙarfen da ake kafawa don wuta ta bi ta shige ƙasa, kuma a nan garin ya kasu biyu. Can ƙasa wajen fadamar Gulbi ƙasa na da laima, turke na kamawa. Bisa tudu kuwa rairayi ne, da rani ya bushe ƙayau, turke guda mai mita ɗaya da rabi kusan ado ne. Sai an zurfafa, ko a kafa da yawa a haɗe su, a auna kuma da rani, ba bayan ruwan sama ba.

Sharaɗin hanyar ta uku ɗaya ne: santiral ya kasance cikin katanga, a akwati mai makulli. Na'urorin nan masu haɗe da komai, lektar da santiral a jiki ɗaya da ake mannawa a waje, suna da sauƙin sawa, amma wayar makulli na bayansu. Ƙusa biyu za a kwance a taɓa wayoyi, ƙofa ta buɗe. Batir kuma kada a manta da shi. Mai 7Ah da ke ɗauke da bantuz da lektar da santiral, abin da ya kai miliamfa 850, a takarda awa 8 ne, a zahiri a sa rai da 5 ko 6 yana sabo. Zafi na cin rayuwarsa: kusan kowane ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba shekarunsa biyu. Ɗakin mai gadi mai rufin kwano tanda ne, to akwatin ya sami iska, a nisanta shi da rufi. Bantuz kuwa in wuta ta ƙare sakin ƙofa yake, kuma ko da wuta dole a sa maɓallin gaggawa daga ciki wanda ke yanke masa wuta kai tsaye ba tare da neman izinin santiral ba.

Rami

Kebul ya shiga tiyo, tiyo ya shiga rami mai zurfin santimita 60, inda manyan motoci ke takawa kuwa 80 zuwa mita ɗaya. A shimfiɗa rairayi mai laushi ƙasa da bisa, a ɗora ragar gargaɗi kafin a ƙarasa cikewa, don wanda zai zo da diga shekara uku nan gaba ya ga alama. A bar ramin dubawa duk mita 40 ko 50 da kowace kwana, a bar igiya a cikin tiyo don ja na gaba. A ɗauka cewa tiyon zai cika da ruwa da damina, domin zai cika, saboda haka kebul ya zama mai baƙar rigar waje, kuma kada a yi haɗi a ƙarƙashin ƙasa. Haɗin murɗe da tef da aka binne shi ne aikin da ke lafiya duk rani, ya fara hauka da ruwan farko. A toshe bakunan tiyo, in ba haka ba gara da ɓeraye sun sami gida. Lektar a yi masa ƴar rumfa saboda rana da ƙurar hunturu, wayar ta shigo masa daga ƙasa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai gare shi. In a jikin ƙarfe za a kafa shi, a sa roba ko katako mai kaurin santimita ɗaya ko biyu a bayansa, domin ƙarfe na rage masa nisan gani. Kuma a gaya wa mai wuri tun yanzu: duk ranar da mai walda zai taɓa ƙofar, a cire wayoyin lektar da na makulli tukuna.

Kafin a mayar da ƙasa, a yi gwajin da rami a buɗe. Gwaji mafi kyau ma tun kebul na naɗe ake fara shi: lektar a baki ɗaya, santiral a ɗayan, a kan teburi. Bayan an ja, mutum ɗaya a ƙofa da multimita a kan ja da baƙa, ɗaya a gaban kwamfuta, waya a kunne. A kara kati ɗaya sau hamsin, a ƙirga sau nawa ya fito, a duba kuma lambar ba ta canza ba. Hamsin ake so, ba arba'in da tara ba. In babu abin da ke fitowa sam, a duba mas. In kullum ana ƙin katin ko lambar ta fito baƙuwa, wataƙila an juya koriya da fara. In saƙonni na fitowa babu wanda ya kara kati, hayaniya ce. Sai a maimaita hamsin ɗin da azahar, a maimaita famfo na aiki, a maimaita an tada gurup, sannan a zare kuran a bar komai kan batir na awa ɗaya a sake. A rubuta bolt ɗin da aka gani a kowane hali a jikin murfin akwatin daga ciki, da kwanan wata, da launin kowace waya da inda ta nufa.